Gida a Cikin Makaranta: Riƙon Amanar Ɗalibai a Makarantun Kwana na Arewa

In tsofaffin ɗaliban wata makarantar kwana suka haɗu, bayan an tambayi shekarar da kowa ya gama, tambaya ta gaba ita ce: wane gida ka zauna? Amsar tana iya sa dattawa biyu da ba su taɓa magana ba su kama hira kamar 'yan uwa. Amma ɗalibin yau, in aka ambata masa gida, abin da zai fara zuwa ransa shi ne launin rigar wasanni da gasar intahaus ta shekara-shekara. Tsarin da aka kafa domin riƙon yara ya koma hanyar raba su rukuni-rukuni ranar tsere. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, amfanin gida bai taɓa zama a kofi ko tuta ba. Amfaninsa shi ne a sami babban mutum guda da ya san kowane yaro da sunansa da halinsa, yana kwana kusa da shi, kuma shi za a tuhuma in wani abu ya same shi. Da aka janye wannan mutum, sauran tsarin ya juya ya zama abin cutar da ƙananan yara.

Tsarin daga Ingila ya zo. A makarantar Eton, yaran da ba su cikin masu tallafin sarki kan kama masauki a gidajen cikin gari, a hannun mata masu gidajen haya, daga baya malamai suka karɓi riƙon waɗannan gidaje. Har yanzu makarantar tana da gidaje 25, yawancinsu da yara wajen 50, kowanne da malamin gida da wata mace mai kula da lafiya da tsaftar yaran. A Rugby kuwa, Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar daga 1828 zuwa 1842, ya ɗora wa manyan ɗalibai nauyin ladabtar da ƙanana, bisa tunanin cewa riƙon mutane shi ke koya wa saurayi dattaku. Ke nan tun asali tsarin ƙafa biyu gare shi: malami mai zama tare da yara, da manyan ɗalibai masu iko a ƙarƙashin idonsa.

Da wannan tunani aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta karɓi sunan Barewa a 1971. Sunayen gidajen Barewa kansu tarihi ne: Lugard da Clifford, da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, da Bello Kagara marubucin Ganɗoki, da Nagwamatse, da Sulaiman Barau. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello a Katsina suka yi karatu, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad a Zariya. Ba a ɓoye manufar Turawa ba: suna son ƙaramin rukuni na malamai da ma'aikatan En'e masu biyayya. Sai dai ƙarancin ɗaliban da wannan manufa ta haifar shi ne ya sa gida ya yi aiki, domin yara kaɗan ne a hannun kowane malami.

Ina ganin tsarin ya kama ƙasa a Arewa ne saboda bai zo wa mutane a matsayin baƙon abu ba. Bahaushe ya daɗe da sanin riƙo, inda ake miƙa yaro ga kawu ko gwaggo a ce ga amana. Ya san tsangaya, inda kolo ke ƙarƙashin titibiri da gardi, su kuma duk suna ƙarƙashin malam, wanda uban yaro ya damƙa masa ɗansa hannu da hannu. Uban da ya kai ɗansa makarantar gwamnati da akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a ransa irin wannan amanar ce ya bayar. Bambancin shi ne a tsangaya ya san wanda ya bai wa. A makarantar kwana ta yau, sau da yawa takarda ya sa wa hannu a ofis, ya juya ya tafi ba tare da ya ga fuskar wanda zai kwana kusa da yaronsa ba.

Ya kamata a tsaya a kan ainihin aikin malamin gida, domin ba a rubuce yake a jadawalin darasi ba, shi ya sa ake raina shi. Malamin da gidansa ke jikin ɗakunan kwana, wanda ke zagawa bayan sallar isha'i kafin a kashe fitila, yana ganin abin da malamin aji ba zai taɓa gani ba. Shi zai lura cewa wani yaro ɗan aji ɗaya ya kwana uku yana mayar da tuwonsa, ko yana jan katifarsa bayan gini ya shanya a ɓoye don kada a san yana fitsarin kwance. Shi zai ga wanda ranar ziyara ya yi wanka tun safe ya zauna bakin ƙofa har magariba ba wanda ya zo masa, ya san cewa daren nan yaron yana bukatar a kira shi a ba shi abinci a yi masa magana. Zazzaɓin cizon sauro da aka gano da daddare aka kai ɗakin shan magani, da wanda aka bari sai da gari ya waye, ba ɗaya ba ne, kuma a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, sa'o'i kaɗan na iya raba rai da mutuwa. Duk wannan ba ya bukatar na'ura. Yana bukatar mutum ya kasance a wurin, kuma yaran su zama daidai adadin da idonsa zai iya ɗauka.

Abubuwan nan biyu su ne suka zube. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya turo ɗimbin yara zuwa sakandare cikin 'yan shekaru, ba tare da an gina ɗakunan kwana da gidajen malamai daidai da su ba. Matsin tattalin arzikin da ya biyo baya a shekarun 1980 ya cinye albashin malami. Ɗakin da aka gina domin yara kaɗan ya cika da gadaje masu hawa biyu, wasu yaran a ƙasa. Gidajen malamai suka lalace, malamai suka koma cikin gari, muƙamin malamin gida ya zama suna a allon sanarwa, ƙarin wahala da ba a biya. Ƙafa ɗaya ta tsarin ta karye, ɗayar kuwa, ikon siniyoyi, ta tsaya da ƙarfinta.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya ratsa waɗannan makarantu. Juniya shi ke ɗebo wa siniya ruwan wanka kafin asuba, ya wanke masa kaya, ya karɓo masa abinci, a kwashe naman da ke cikin nasa kwanon. In ya yi gardama a sa shi gwale-gwale, tsallen kwaɗo ko kamun kunne har ƙafafunsa su riƙa rawa. Yaro mai wayo yakan nemi uban ɗaki cikin manya, ya saye kariya da madara da sukarin da aka kawo masa daga gida. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato lalata da ƙananan yara, wanda kunya ke sa a binne shi, kuma ba ya yaɗuwa sai inda babu babba da daddare. Wanda ya jure shekara uku yana jiran ranar da zai rama a kan na bayansa.

Akwai masu cewa, haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane. Ban raina wannan magana ba, domin akwai gaskiya a cikinta: shara da wanki da duba tsafta ranar Asabar da cin abinci a kwano ɗaya da ɗan talaka da ɗan sarki sun koya wa mutane da yawa juriya da zama da jama'a. Amma masu faɗin haka waɗanda suka kai ƙarshe ne. Ba a jin muryar wanda ya tsallake katanga ya gudu a aji biyu bai sake komawa boko ba. Kuma aiki domin gida daban, bauta wa wani ɗalibi daban. Ingilar da muka kwaikwaya ta bar al'adar yi wa manya hidima a makarantunta, dokar yara ta 1989 ta ɗora wa makarantun kwana alhakin kare lafiyar ɗalibai, a 2002 kuma aka fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin da ake bin makarantun ana dubawa. Mu muka riƙe ɓangaren da masu shi suka yar.

A makarantun 'yan mata nauyin ya fi yawa a kan uwar ɗalibai, wadda galibi ita ce mafi ƙarancin albashi da daraja a cikin ma'aikata, alhali ita yarinya ke nufa ranar da ta fara al'ada, ita kuma ke fara jin labari in an matsa wa yarinya ta bar karatu a yi mata aure.

Sai batun tsaro, wanda ya sauya komai. Bayan hare-haren da aka kai makarantun Buni Yadi da Chibok a 2014, inda a Chibok aka sace 'yan mata 276, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Kagara da Jangebe da Birnin Yawuri a 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana ko sun mayar da su jeka-ka-dawo. Ba mai hankalin da zai ce malamin gida zai tare 'yan bindiga; wannan aikin hukuma ne. Sai dai bayan wasu hare-haren an ɗauki kwanaki ana saɓani kan yawan yaran da aka tafi da su, kuma gidan da ake kiran suna kowane dare ba ya rasa sanin wanda babu. Rufe makarantun kwana gaba ɗaya kuma ba mafita ba ce ga yaron ƙauyen da babu sakandare kusa da shi, balle yarinyar da iyayenta ba za su bari ta riƙa doguwar tafiya kullum ba.

Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta yi tanadin malamin ba da shawara a makarantu, kuma abu ne mai kyau. Amma mutum ɗaya a ofis, mai tashi da azahar, ba zai maye gurbin wanda ke kwana da yara ba. Yaro ɗan shekara 11 ba ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis ya kai ƙarar siniyan da zai koma ya tarar a ɗaki. Abin da ake bukata shi ne a mayar da riƙon gida aiki na gaske: a zaɓi malami saboda halinsa, a horar da shi, a rage masa darussa, a ba shi alawus da muhalli a jikin ɗakunan kwana, a kuma ƙayyade yawan yaran da za a ba shi. A raba wurin kwanan ƙanana da na manya. A karɓe bulala daga hannun ɗalibi, a auna shugaban gida da lafiyar 'yan aji ɗaya da ke ƙarƙashinsa. Uba kuma ya san sunan malamin gidan ɗansa da lambar wayarsa tun ranar farko.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna da rawar takawa a nan, domin su ne ke da kuɗi da faɗa a ji, kuma su suka fi kowa ƙaunar sunayen gidajen. Yawancin gudummawarsu tana tafiya ne ga babbar ƙofa da ɗakin taro da fenti, abubuwan da ake gani daga titi. Da kowane rukuni zai ɗauki gidan da ya zauna, ya gyara muhallin malamin gida da rijiyar burtsatse da makewayi, ya ɗauki nauyin alawus ɗin malamin da na uwar ɗalibai, sannan ya nemi ma'aikatar ilimi ta rubuta iyakar yawan yaran da za a zuba a kowane ɗaki, da kuɗin ya isa inda yaran ke kwana.