Daga Fitsari zuwa Ɗigon Jini: Tarihin Fahimtar Hawa da Saukar Sukari

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun wata tambaya da ta daɗe tana damun likitoci: me ya sa mai ciwon sukari zai auna jininsa da safe ya sami adadi kaza, da la'asar ya sami wani dabam, alhali maganinsa bai canza ba? A ganinmu, amsar da kowane zamani ya bayar ba ta wuce iyakar abin awon da ke hannunsa ba.

Abin awo na farko harshe ne. A shekarar 1674 Thomas Willis na Ingila ya bayyana zaƙin fitsarin masu wannan ciwo. A 1776 Matthew Dobson ya ƙafar da irin wannan fitsari, ya sami gari mai kama da sukari, ya kuma lura cewa jinin ma yana da zaƙi. Duk da haka fitsari aka ci gaba da dubawa kusan shekara 200. Fitsari kuwa shaida ne mai rauni. Ƙoda ba ta sakin sukari sai ya haura kimanin giram 1,8 a litar jini, sannan fitsarin yakan yi awoyi yana taruwa a mafitsara, saboda haka labarin da ya wuce yake bayarwa. Wanda sukarinsa ke daidai da wanda nasa ya faɗi har yana gab da suma, sakamakon fitsarinsu ɗaya ne.

A Faransa aka sami bayani biyu masu jan hankali zuwa ɓangarori dabam-dabam. Claude Bernard ya nuna a 1848 cewa akwai sukari a jinin karen da ba a ba shi komai ba sai nama, a 1857 kuma ya ware glikojen daga hanta. Ke nan hanta rumbu ce: tana ajiye sukari, tana sakinsa ko mutum bai ci komai ba. Shi kuwa Apollinaire Bouchardat, lokacin da sojojin Furusiya suka yi wa Paris ƙawanya a 1870-1871, ya ga sukari ya ɓace daga fitsarin wasu majinyatansa saboda ƙarancin abinci. Bayanin abinci ya fi sauƙin kamawa, shi ya sa ya rinjayi na hanta a aikin yau da kullum. Illarsa ita ce, da zarar sukari ya hau, sai zargi ya koma kan majinyaci cewa ya ci wani abu a ɓoye.

Samuwar insulin a Toronto a 1921-1922 ta ceci rayuka, ta kuma kawo haɗarin da fitsari ba ya gani, wato faɗuwar sukari. A nan muhawarar awon safe ta taso. Michael Somogyi, a Amurka, ya ce idan insulin ya yi yawa sukari yakan faɗi da tsakar dare, sai jiki ya mayar da martani, a wayi gari ya hau. A 1981 aka bayyana wani dalili dabam: gab da asuba jiki na sakin sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, hanta ta zubo sukari ba tare da wata faɗuwa ta gabata ba. Bambancin ba na baki kawai ba ne. Bayani na farko na nufin a rage allura, na biyu na iya nufin a ƙara ko a sauya lokacinta, kuma adadin da likita ke gani da safe iri ɗaya ne. Sai da aka iya bin sukari dare farai aka gane cewa hawan asuba ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Takardar awon ɗigon jini ta Dextrostix ta fito a 1965, na'urar karanta ta kuma a 1970. A shekarun 1980 awo ya shiga gidaje. Majinyata suka ga da idonsu abin da zazzaɓi, aikin ƙarfi da tashin hankali ke yi wa adadin. A 1981 David Jenkins ya nuna cewa abinci iri biyu masu sitaci daidai wa daida ba sa tayar da sukari daidai.

Awon HbA1c, wanda ya samo asali daga binciken Samuel Rahbar a Teheran a 1968, yana ba da matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3. Amma matsakaici yana rufe hawa da sauka. A ƙasashenmu yana da wani cikas kuma: ya dogara ne ga tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kimanin kwana 120, wadda ciwon sikila ke gajartawa, sai sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Binciken DCCT da aka buga a 1993, kan mutum 1441, ya tabbatar da cewa matse sukari na rage lalacewar ido, ƙoda da jijiyoyi, amma mummunar faɗuwar sukari ta ninka kusan sau 3.

A 1999 Amurka ta amince da na'urar farko mai awo a ƙarƙashin fata kowane minti 5, wato sau 288 a kwana ɗaya. Daga nan tambayar ta sauya: a 2019 masana suka daidaita cewa a riƙa duba yawan lokacin da sukari ya yi tsakanin giram 0,70 da 1,80. Majinyacin da ke zuwa asibiti sau ɗaya a wata a auna shi kafin karin kumallo, adadi 1 ake samu daga gare shi cikin 8640 da irin wannan na'ura za ta bayar.