Tarihin Muhawara a Kan Fahimtar Zamantakewa da Sarrafa Tunani a Cutar Gigin Tsufa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun wata muhawara da ta daɗe tsakanin masana ƙwaƙwalwa. Shin mai gigin tsufa da ya daina gane abin da ke zukatan mutane, dabarun sarrafa tunaninsa ne suka lalace, ko kuwa fahimtar zamantakewa baiwa ce mai zaman kanta? Sarrafa tunani a nan na nufin iya tsara aiki da kame kai da sauya dabara idan ta farko ta ƙi. Fahimtar zamantakewa kuwa ita ce gane nufin wani, da abin da ya sani ko bai sani ba, da abin da zai ɓata masa rai. Ya kamata a lura cewa kalmar gigin tsufa ta ɗan gaza a nan, domin nau'in cutar da ke cin ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa yakan kama mutum tsakanin shekara 45 zuwa 65, yana tsakiyar ƙarfinsa.

2.0 Daga Labarin Majinyata Zuwa Gwaji

Tun a 1848 aka fara zargin ɓangaren goshi, lokacin da wani sandan ƙarfe ya ratsa kan Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont ta Amurka. Ya rayu, amma likitansa John Harlow ya bayyana a 1868 cewa halinsa ya sauya, ya zama marar kunya, marar tsayawa a kan shawara. Wannan rauni ne, ba gigi ba. A 1892 ne Arnold Pick ya bayyana wani dattijo mai shekara 71 a birnin Prague wanda harshensa ya lalace saboda wani yanki na ƙwaƙwalwarsa ya motse. Sai dai cutar da Alois Alzheimer ya gabatar a Jamus a 1906 ita ce daga baya ta mamaye fagen, har mantuwa ta zama ma'aunin gigi. Gwajin nan mai maki 30 da Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975 yana tambayar kwanan wata da lissafi da tuna kalmomi, amma babu tambaya ko ɗaya a kan mu'amala da mutane. Sakamakon haka, magidanci zai iya cinye gwajin a gaban likita alhali ya addabi iyalinsa da katoɓara.

Sarrafa tunani ya riga samun ma'auninsa. Akwai gwajin katuna na Wisconsin na 1948, inda ake sa mutum ya rarraba katuna bisa launi ko siffa ko adadi, sannan a sauya ƙa'idar ba tare da an sanar da shi ba. An ɗauka cewa wannan ya wadatar wajen gano lalacewar ɓangaren goshi, sai a 1985 Eslinger da Damasio suka kawo labarin wani akanta da aka cire wa ƙari daga ƙasan wannan ɓangare. Ya ci gwaje-gwajen basira sarai, har da na katunan, amma ya rasa aikinsa da dukiyarsa da aurensa.

3.0 Inda Muhawarar Ta Tsaya

Ma'aunin fahimtar zamantakewa daga wani fage daban ya zo. Premack da Woodruff sun tambaya a 1978 ko biri yana iya hasashen tunanin wani, sannan masu nazarin yara suka mayar da tambayar gwaji. A wanda Baron-Cohen da Leslie da Frith suka yi amfani da shi a 1985, 'yar tsana ta ajiye abin wasanta a kwando ta fita, wata ta mayar da shi cikin akwati, sai a tambayi yaro inda ta farkon za ta duba idan ta dawo. A nan gizo ke saƙar. Kafin mutum ya ce kwando, dole ya danne abin da shi ya sani, kuma dannewar nan aikin sarrafa tunani ce. Ke nan wanda ya faɗi gwajin ba a san ta wace ƙofa ya faɗi ba.

A 2001 Lough da Gregory da Hodges na Kambirij a Ingila sun bayyana majinyacin da sarrafa tunaninsa bai taɓu sosai ba, amma ya kasa gwajin hasashen tunanin wani. A 2002 Gregory da abokan aikinta suka kwatanta rukuni biyu: masu gigin ɓangaren goshi sun kasa hatta gane katoɓara a cikin gajeren labari, masu cutar Alzheimer kuwa sun yi tuntuɓe ne a tambayoyi masu sarƙaƙiya da ke nauyaya ƙwaƙwalwa. Wasu masanan sun ci gaba da samun dangantaka tsakanin makin ɓangarorin biyu, musamman idan cutar ta yi nisa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne maƙwabta ne, gobara ɗaya takan cinye su tare, amma kowa da ɗakinsa. Ƙa'idojin gano cutar na 2011 sun jera alamomi 6, biyar daga ciki na hali ne, irin su rashin kunya da rashin tausayi, ɗaya ce kawai ta sarrafa tunani. A 2013 kundin ƙungiyar likitocin tabin hankali ta Amurka ya sanya fahimtar zamantakewa a matsayin fanni mai zaman kansa.

Wannan tarihi ya shafi masanin harshe kai tsaye, domin yawancin gwaje-gwajen da magana ake yin su. Kipps da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa masu gigin ɓangaren goshi suna fahimtar zance na gaskiya amma gatse yana wuce su, wato sun riƙe ma'anar jimla sun saki nufin mai magana. Labaran katoɓarar kuma da Ingilishi aka tsara su, bisa ladabin masu harshen. Dattijuwar Bahaushiya da ta shekara 40 tana alkunyar sunan ɗanta na fari, idan ta wayi gari tana ambatonsa a gaban surukai, mutanen gida za su san wani abu ya faru tun kafin ta fara mantuwa. Takardar gwajin da aka fassaro kalma da kalma ba ta da gurbin da za a rubuta wannan.