Jirgin Yaƙin da Ya Iso Tambuwal a Aljihu

Mu 'yan Tambuwal ba mu tashi da injin nan da ake jefa wa kwabo a harbi dodannin sama ba. Namu yaƙin a aljihun yayyenmu ya iso, cikin Nokia 3310, sunansa Space Impact.

Amma asalinsa ya daɗe. A 1962 Steve Russell da abokansa a jami'ar MIT ta Amurka suka haɗa Spacewar!, jirage biyu suna ɓarin wuta. Wanda ya kai abin kasuwa da ƙarfinsa shi ne Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito a Japan, da ya fito da Space Invaders a 1978: dodanni 55, sahu biyar, suna saukowa a hankali. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne raunin injin. Duk dodon da ka kashe, aiki ya ragar masa, sai ragowar su ƙara sauri. Nishikado ya ga haka ya bar shi, don nan ne zuciyar mai wasa take fara bugawa. Daga baya irin su Gradius na 1985 suka yaɗa salon da jirgi yake tafiya daga hagu zuwa dama, babban dodo na jira a ƙarshen kowane mataki. Wannan salon Nokia ta matse cikin allo mai ɗigo 84 a kwance, 48 a tsaye, a shekarar 2000.

A Agustan 2001 kamfanonin waya na Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya. Layi ya fi ƙarfin talaka, sabis kuma sai manyan birane. Ko da ya iso yankinmu, a ƙauyukan Kebbe sai an hau tudu ana ɗaga waya kafin a ji muryar mutum. Shi kuwa wasan babu ruwansa da sabis, babu ruwansa da kati, ga batir mai kwanaki.

"Yaya, ara mini in yi gem ɗaya."

"Ɗaya fa. Ka cinye mini caji, ni da kai ne."

Bayan isha'i mu shida muke haɗa kai kan wannan koren haske a bakin zaure. Rai uku ne. Suka ƙare, ka miƙa wa na kusa, babu gardama.

Kwanan baya na samu tsohuwar 3310 wurin mai gyaran waya, na kunna. Zanen ya tsufa, ba ƙarya. Dodon da yake hana ni barci ashe 'yan ɗigo ne baƙaƙe. Sautin ma kamar kukan gyare. Amma babu talla, babu mai cewa in sayi rai da kuɗi. Ban ɗago ba sai da mai shagon ya taɓa kafaɗata, ya ce an kira la'asar, zai rufe.