Ɗan Gado da Ɗan Haye a Fim ɗin The Incredibles

Tun a 2004 da kamfanin Pixar ya saki The Incredibles, wanda Brad Bird ya rubuta kuma ya ba da umarni, akwai zargin da yake bin fim ɗin kamar jela. A sharhinsa na jaridar New York Times, A. O. Scott ya danganta shi da falsafar Ayn Rand, daga nan magana ta yi ta yawo har ta zama kamar abin da ba ya buƙatar hujja. Wai katun ne da ke koya wa yara cewa an halicci wasu a sama, wasu a ƙasa, kuma aikin na ƙasa shi ne su kauce su ba na sama hanya. Bird ya musanta hakan a hirarraki, amma musun mai fasaha ba ya rufe muhawara a fagen nazari, don haka ba zan jingina da shi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abokin aiki, malamin adabi, da ya farfaɗo da zargin a wani zaman ƙara wa juna sani, da hujjojin da suka fi duk waɗanda na taɓa ji ƙarfi. Ina ganin ya yi kuskure, ko da yake akwai inda zan sakar masa.

Aƙidar Rand sananniya ce (Atlas Shrugged, 1957, The Virtue of Selfishness, 1964): mai basira ba ya bin kowa bashi, kowa ma ba ya binsa, sadaukar da kai domin wasu lahani ne, kuma idan jama'a suka matsa wa masu ƙirƙira, sai su yi yaji su bar duniya ta ruguje. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Bob Parr, wato Mr. Incredible.

Ina muka same shi bayan shekara goma sha biyar da gwamnati ta hana sadaukai aikinsu saboda yawan ƙararrakin da aka yi ta shigarwa a kansu? A wani ɗan ƙuntataccen ofis na kamfanin inshora mai suna Insuricare, yana raɗa wa wata tsohuwa hanyar da za ta bi ta karɓi haƙƙinta, yana nuna kamar korar ta yake yi. Maigidansa, Gilbert Huph, ya kira shi yana faɗa, yana tambayar wa zai kula da masu hannun jari. Ana cikin haka Bob ya hango ta taga ana yi wa wani mutum fashi a lungu, Huph ya ce in ya fita a bakin aikinsa. Abin da ke cin Bob rai a duk wannan sashe shi ne an ɗaure masa hannu daga taimakon wanda bai sani ba, wanda ba zai biya shi ko sisi ba. Gwarzon Rand ba ya shiga irin wannan damuwa. Idan akwai mai magana da yawun riba tsagwaronta a ɗakin nan, to Huph ne, kuma shi fim ɗin ya zana gajere, mai tsiwa, abin dariya.

Sai Syndrome. Yaro ne mai suna Buddy Pine, ba a haife shi da wata baiwa ta jiki ba, amma tun yana ƙarami ya ƙera takalman da ke tashi da shi sama. Ya girma ya yi dukiya ta hanyar ƙera makamai yana sayarwa, ya mallaki tsibirin Nomanisan, ya keɓe kansa daga mutane, ba ya jin akwai wanda yake da haƙƙi a wuyansa. Da Bob ya cafke mataimakiyarsa Mirage yana barazanar murƙushe ta, Syndrome bai ko girgiza ba, da Bob ya kasa ya sake ta kuwa sai ya kira shi rago. Mai ƙirƙira da ya gina kansa da kansa, ya ƙaurace wa jama'a zuwa maɓoyarsa, yake ɗaukar tausayi a matsayin rauni: in ba a ce ya fi kowa kama da mutanen John Galt, gwarzon Atlas Shrugged, a fim ɗin ba, to da wuya a nuna wanda ya fi shi. Zai zama abin mamaki a ce almajirin Rand ya ɗauki siffar gwarzonta ya ba mugun labarinsa.

Abokin aikina bai yi jayayya da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ce in bar sunan Rand in na ga dama, zargin yana nan. Hujjarsa ta farko maganganu biyu ne da fim ɗin ya jera da gangan. A cikin mota, Helen, matar Bob, ta ce wa ɗanta Dash kowa na musamman ne, yaron ya yi gunaguni cewa hakan daidai yake da a ce babu na musamman. Can gaba Syndrome ya bayyana shirinsa na sayar da na'urorinsa idan ya tsufa, domin kowa ya zama sadauki, kuma in kowa ya zama, to babu sadauki ke nan. Abokin nawa ya ƙara da ƙorafin Bob a kan bikin da makaranta ta shirya don kawai yara sun tashi daga aji huɗu zuwa biyar. A fahimtarsa, fim ɗin ya sa burin daidaita mutane a bakin mugu domin ya ɓata shi.

A nan ina ganin an karanta kalmomi an bar mai faɗinsu. Syndrome bai ce zai raba komai ba, sayarwa ya ce, kuma sai bayan ya gama shan daɗinsa. Kafin lokacin ya riga ya kashe sadaukai da dama, ciki har da Gazerbeam, wajen gwajin mutum-mutuminsa na Omnidroid, ya harba makamai masu linzami kan jirgin da aka shaida masa akwai yara a ciki, ya kuma shirya sakin dodon ƙarfen a tsakiyar birni domin ya fito ya yi kamar ya ceci jama'a. Wanda ke neman daidaito ba ya fara da taka mutanen da yake son ɗagawa. Maganar tasa ta mai hassada ce, wanda ya gwammace a fasa tulun da dai wani ya sha. Shi kuma Dash yaro ne ɗan shekara goma da aka hana shi wasan guje-guje, aka kuma kira uwarsa makaranta don ya ɗana wa malami ƙusa a kujera. Gunagunin yaro mai jin haushi ba lallai ne ya zama matsayar fim ba. Game da Bob, a gardamar bikin makarantar ce Helen ta fito masa fili cewa ba don Dash yake kumfar baki ba, kewar zamanin tashensa ce ke damunsa. Kuma labarin ya gaskata ta: wannan kewa ce ta sa ya yi ta yi mata ƙarya yana fita da abokinsa Frozone da sunan wasa, ita ce kuma igiyar da Mirage ta ja shi da ita har cikin tarko.

Hujjar abokin aikina ta biyu ita ce ta tsaya mini a rai. Ya ce mu ajiye abin da Buddy ya zama, mu dubi yadda ya fara. Yaro ne mai ƙwazo da ya zo neman a koya masa sana'a, aka kore shi. Da harshenmu, ɗan haye ne ya zo gidan 'yan gado. Mun san yadda ake kallon wanda ya shiga ƙira ko wanzanci ko sarauta ba tare da ya gada ba, mun san kuma kirarin da ake yi wa wanda ya gada. 'Ya'yan Parr uku an haife su da baiwarsu, ba su yi mata wahalar komai ba, har jariri Jack-Jack ya fi ƙarfin mutumin da ya shekara goma sha biyar yana ƙera makamai. Sannan ɗan hayen ya mutu ne ta hanyar alkyabbar da ya yafa domin ya yi kama da 'yan gado, injin jirgi ya fizge ta. Abokin nawa ya tambaya: wane darasi yaron da ba shi da komai sai ƙwaƙwalwa da naci zai ɗauka daga nan?

Akwai abin da za a iya mayar masa. Buddy ne ya fassara korar da cewa don ba shi da baiwa ne; dalilin da Bob ya bayar shi ne shi kaɗai yake aiki, kuma a lokacin wani ɗan fashi mai suna Bomb Voyage ya maƙala wa yaron bam a alkyabba. Abin lura, da Syndrome yake tuna wannan dare, ɗan fashin ya ɓace daga hoton gaba ɗaya, sai shi da wanda ya wulaƙanta shi. Ke nan fim ɗin da kansa ya nuna mana tunaninsa gurguntacce ne. Bob ma ya ba shi haƙuri a tsibirin, ya amsa cewa bai kyauta masa ba. Wannan ɗabi'a ta aiki shi kaɗai ita ce cutar da labarin ya ɗauki tsawon lokaci yana yi wa magani, har zuwa inda Bob ya so ya tunkari Omnidroid ba tare da iyalinsa ba, Helen ta matsa masa, ya amsa cewa ba shi da ƙarfin jure sake rasa su. Akwai kuma Edna Mode, wadda Bird da kansa ya yi muryarta: ba ta da baiwar sadaukai, fasaha da kimiyya ne jarinta kamar Buddy, amma ba wanda ya isa ya ɗaga mata murya, kuma ita ta gargaɗi Bob a kan alkyabba, ta lissafo 'yan gadon da ta halaka. Alkyabba ba ta tambayar asali.

Duk da haka, dole in rage faɗin da'awata. Edna tela ce. Tana yi wa sadaukai sutura, ba ta shiga fage. A duk tsawon fim ɗin babu mutum ɗaya marar baiwar haihuwa da ya tsaya a sahun ceto aka yaba masa. Mutanen birnin Metroville ko dai suna ihu, ko suna kai ƙara, ko suna tafi. Bird ya bayyana cewa ya zaɓi baiwar kowa ne daga matsayinsa a cikin gida: uba mai ɗaukar nauyi, uwa da ake ja ta kowane ɓangare, budurwa mai son ɓuya da kāre kanta, yaro mai rawar kai, jariri da ba a san me zai zama ba. Wannan ya nuna cewa baiwar kwatance ce ta zaman iyali, amma kwatance ba ya hana mai kallo ganin abin da idonsa ya gani. Saboda haka ba zan ce fim ɗin yana goyon bayan daidaito ba. Abin da hujja ta ba ni damar faɗa ya fi haka ƙanƙanta: ya yarda cewa baiwa ba a raba ta daidai ba, sannan ya ɗauke ta a matsayin amana da ke wajabta hidima. Rabin farko ya yi tarayya da Rand a kai, kamar yadda ya yi tarayya da duk wanda ya taɓa koyarwa a aji. Rabi na biyu shi ne ainihin abin da ta shafe rayuwarta tana yaƙa. Game da ɗan haye kuwa, fim ɗin ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, kuma ina kyautata zaton Bird ya ji nauyin wannan, domin a Ratatouille (2007) ya ɗauko ɓera, wanda babu wanda ya kai shi haye a ɗakin girki, ya ba shi matsayin gwani. Zato ne dai, ba na kafa hujja da shi.

Saura tseren ƙarshe, wanda ni da abokin aikina muka rabu a kansa ba mu daidaita ba. An bar Dash ya shiga gasar guje-guje, iyayensa suna daga cikin 'yan kallo suna yi masa ihu ya ƙara, ya rage, ya zo na biyu. Shi yana ganin raini ne tsantsa: 'yan gado suna wasa da sauran yara, suna ba su nasarar sadaka. Ni ina ganin yaro ne da a farkon fim yake amfani da gudunsa wajen cutar malami, yanzu ya koyi riƙe linzaminsa, bayan ya ga inda gudun yake da amfani na gaske a dajin Nomanisan da titunan birni. Sai dai na kasa ba shi amsa da ya ce in tuna da yaron da ya zo na uku, wanda da Dash bai shiga ba, da shi ne zai koma gida da kofin na biyu.