Zukata Biyu: Tarihin Tsattsarkar Zuciyar Yesu da Zuciyar Maryamu

 

A gidajen Katolika da yawa akan ga hoton Yesu a bango yana nuna zuciyarsa, ƙaya ta kewaye ta, wuta tana ci a bisanta. Kusa da shi ga hoton Maryamu, takobi ya soke tata zuciyar. 'Ya'yanmu sukan tambaye mu ma'anar wannan, haka ma 'yan'uwanmu na sauran ikilisiyoyi. Yau za mu bi tarihin abin daga tushe.

Tushen yana cikin Littafi Mai Tsarki. Yohanna 19:34 ya gaya mana yadda soja ya soki Yesu da mashi a kwiɓi, jini da ruwa suka fito. A cikin Luka 2:35 kuma, tsoho Saminu ya faɗa wa Maryamu tun Yesu yana jariri, cewa baƙin ciki zai ratsa ta kamar takobi. Masu bi na dā sun daɗe suna tunani a kan ayoyin nan kafin a sa musu ranar idi.

A ƙasar Faransa ne ibadar ta yi ƙarfi. A shekarun 1600 wata koyarwa mai tsanani, ta mabiyan Jansen, ta bazu a can. Ta cika mutane da tsoron hukunci, har da yawa suka daina kusantar Jibin Ubangiji, suna ganin ba su isa ba. A lokacin nan ne Fada Yohanna Eudes ya tashi yana wa'azin jinƙan Allah. A 1648 ya yi idin Zuciyar Maryamu na farko a garin Autun, a 1672 kuma gidajen ƙungiyarsa suka yi idin Zuciyar Yesu.

Tsakanin 1673 da 1675, wata sista mai suna Margaret Maryamu Alacoque, a garin Paray-le-Monial, ta shaida cewa Yesu ya bayyana gare ta. Ya nuna mata zuciyarsa wadda ta ƙaunaci mutane ƙwarai, su kuwa suka sāka masa da halin ko-in-kula. Da fari ba a gaskata ta ba, ko a cikin gidansu, sai da Fada Claude de la Colombière ya tsaya mata. Daga wurinta muka gāji al'adar karɓar Jibin Ubangiji a Jumma'ar farko ta wata, har wata tara a jere.

Ikilisiya ba ta yi gaggawa ba. Sai a 1765 Paparoma Kilemen na 13 ya amince da idin domin ƙasar Polan, a 1856 kuma Paparoma Piyus na 9 ya ba da shi ga dukan Ikilisiya. A 1899 Paparoma Liyo na 13 ya miƙa dukan 'yan Adam ga Tsattsarkar Zuciyar Yesu. Ta wajen Maryamu, bayan abin da yara uku suka gani a Fatima ta ƙasar Fotugal a 1917, Paparoma Piyus na 12 ya miƙa duniya ga Zuciyarta marar aibi a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Tun 1969 ana idin Zuciyar Maryamu ran Asabar, kashegarin idin Zuciyar Yesu, domin kada a raba uwa da Ɗanta. Yawanci sukan faɗo cikin watan Yuni, lokacin da muke fama da shuka da noman fari.

To, yaya abin ya iso gare mu? A 1953 Roma ta yanke yankin Sakkwato, wanda ya haɗa da ƙasar Katsina, aka danƙa shi ga fadan Dominikan daga Amurka. Edward Lawton ne shugaba na farko, ya zama bishop a 1964. Shi ya sa cocin Malumfashi yake da sunan Vincent Ferrer, na Katsina kuma Martin de Porres, dukansu tsarkakan Dominikan ne. Fadan nan da katikis-katikis suka shiga ƙauyukan Maguzawa da bishara, da carbin rosari, da hotunan nan. A watan Oktoba na 2023 Paparoma Faransis ya kafa Dayosis na Katsina, ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop ɗinsa na farko.

Sai mu lura, ba hoto muke yi wa sujada ba, ba kuwa Maryamu ba. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Zuciyar Yesu alama ce ta ƙaunar Allah da ya zama mutum dominmu. Zuciyar Maryamu kuwa ta 'yar Adam ce irin tamu, ta uwa wadda ta tsaya a gindin gicciye ba ta gudu ba. Muna girmama ta, muna koyi da ita.

'Yan'uwa, mun san abin da ƙasarmu ta sha. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A watan Mayu na 2022 suka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara daga cocin Gidan Maikambo a nan Kafur, suka yi wata guda da 'yan kwanaki a daji kafin a sako su. A watan Agusta na 2025 kuma aka kashe maƙwabtanmu Musulmi a masallacin Unguwar Mantau suna sallar asuba. Iyaye mata da takobi ya soke su suna nan cikinmu, a coci da masallaci.

A Hausa in aka ce mutum ya yi zuciya, fushi ya yi. Jarabar da ke gabanmu ke nan: mu yi zuciya, mu rufe ƙofa, mu ɗora laifin mugu a kan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma zuciyar da aka soka a kan gicciye gafara ta roƙa wa masu kisanta. Wannan bai hana mu neman gaskiya da tsaro daga hukuma ba, ramuwa ce kawai ya hana mu.

Saboda haka cikin watan nan, bari kowane gida ya taru da dare a yi addu'a. Zumuntar Mata su ziyarci gwauraye da marayu, ko na wane addini. Wanda ya rigaya ya gama nomansa ya kai gayya gonar wadda aka kashe mata miji.

Mu yi addu'a. Ya Yesu, ka mai da zukatanmu kamar taka. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda ke hannun mugaye, ka ba mu damina mai albarka. Amin.