Bindigar Ɗuri: Su Suna Saye, Mu Muna Mantuwa

Ƴan uwa ɗalibai, a Amurka da Turai akwai mutanen da ke ɗaukar kuɗi sama da dalar Amurka dubu ɗaya, wato fiye da jika ɗari biyar a kuɗinmu, su sayi bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda mu ke kira harba-ka-ruga. Kuma ba tsohuwa ba ce, sabuwa ce fil, an ƙera ta ne bisa kamannin bindigar sojan ƙarni na 19. Ni da nake karatun kimiyyar harshe, abin ya ja hankalina ta wajen tarihi da ta wajen kalmomi, don haka na ce bari mu duba shi tare.

Mu fara da ita bindigar. Kafin 1850, yawancin sojojin Turai suna riƙe da bindiga mai sulɓin ciki. Harsashinta dunƙule ne kamar ƙwallo, in ya wuce mita ɗari sai inda Allah ya kai shi. An daɗe da sanin cewa in aka yi zane mai murɗewa a cikin bututun, harsashi zai fita yana juyawa, ya tafi sak. Matsalar ita ce ɗuri: harsashin da zai kama zanen dole ya matse, tura shi ta baki kuwa aiki ne, har sai an haɗa da duka. A 1849 wani kyaftin na sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashin darma mai tsini, gindinsa da rami. Yana shiga bututu cikin sauƙi, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe, ya kama zanen. Ƴar dabarar nan ta sa soja na iya samun mutum daga nisan ɗaruruwan mita.

A kan wannan dabara Ingila ta ƙera bindigar Enfield ta 1853, Amurka ta ƙera Springfield ta 1861. Enfield ɗin tana da labari da ya shafe mu Musulmi. Albarushinta da harsashi a cikin takarda ake naɗe su, a shafa wa takardar kitse, soja kuma da haƙori yake yaga ta. A Indiya magana ta bazu cewa kitsen na alade ne da na saniya. Musulmi da Hindu da ke aikin soja ƙarƙashin Turawan Ingila suka ce ba su taɓa shi da baki, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kunna babban boren 1857. A yaƙin basasar Amurka kuwa, 1861 zuwa 1865, da irin waɗannan bindigogi aka gwabza, mutum sama da 600,000 suka mutu.

To, me mai sayen sabuwar ƙira yake nema? Kasuwar ta buɗe ne wajen 1961, lokacin cikar yaƙin basasar shekara ɗari, kuma yawancin bindigogin a Italiya ake yin su, a yankin Brescia, inda kamfani irin Pedersoli yake. Mai ita zai yaga takarda, ya zuba albarushi, ya sa harsashi, ya danna shi da sandar ƙarfe har ƙasa, ya ja kunama baya, ya ɗora ƴar hular tagulla mai tada wuta, sannan ya harba. Gwani ne ke yin harbi uku a minti ɗaya. Farin hayaƙi ya turnuƙe shi, bututu ya yi dauɗa, in ya koma gida sai ya wanke da ruwan zafi, in ba haka ba tsatsa ta cinye. Wanda ya yi wannan da hannunsa, a natse, ba mai harbinsa, shi ke gane abin da aka gani bayan yaƙin Gettysburg na 1863: cikin bindigogi sama da 27,000 da aka tsinta a fili, dubbai an ɗura su sau biyu ko fiye ba a harba ba. Tsoro da ƙara sun sa soja na ta ɗuri bai san bindigarsa ba ta tashi ba. Ka ji abin da littafi kaɗai ba ya koya wa mutum.

Yanzu mu dawo gida, tunda mu ma muna da namu. Kalmomin kansu shaida ne. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Bunduƙ ɗan itace ne ƙarami, daga baya aka kira ƴan dunƙulen harbi da sunansa. Albarushi daga albarud, harsashi daga arrasas, wato darma. Ke nan ta hanyar Sahara kalmomin suka zo mana, ba ta bakin teku ba. A Barno, tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samu ƴan bindiga Turkawa. Amma dubi kunama: wannan tamu ce, Bahaushe ya ga ƙarfen ya lanƙwashe kamar wutsiyar kunama mai shirin harbi, ya raɗa mishi suna. Harba-ka-ruga ma darasi ne cikin suna: ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗuri abokin gaba ya iso.

A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, 1851 zuwa 1884, ba saye kaɗai ake ba. Maƙera na zuba igwa a birnin, ana haɗa albarushi a nan gida. Sai dai kafin ƙarshen ƙarnin Turawa sun bar ɗuri ta baki, sun koma ga bindigar da ake sa wa harsashi ta baya, irin Gras ta 1874 da Lebel ta 1886. A Tirmini, 1899, sojojin Sarki Amadu Kuran Daga suka tari irin waɗannan makamai. Ba jarumta ce ta gaza ba. Mai ɗuri ɗaya ne ya gamu da mai harbi bakwai ko takwas.

Abin da ke damuna shi ne wannan. A da, ƴan bindiga dakarun fada ne, masu yi wa sarki rakiya ranar hawan salla, su harba albarushi ba harsashi, yara na murna. Yau in ka ce ƴan bindiga a ƙauyukan kudancin Maraɗi, mutane masu satar shanu da mutane suke ji. Kalma ta sake ma'ana a gabanmu, cikin shekarun da ba su kai na rayuwarmu ba. Ba ina cewa mu je mu sayi bindiga ba, wadda ke yawo a daji ta ishe mu. Ina cewa tsofaffin ƴan bindigar fada da maƙera da mahalba suna nan da ransu, sun san sunan kowane ƙarfe da kowane motsi na ɗuri. Kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya. In hutu ya zo, a je a gaishe su, a tambaya, a rubuta. Bature ya iya sake ƙera bindigar kakansa don an ajiye mishi zanenta da awonta. Mu tamu a bakin tsofaffi take, kuma tsoho ba ya jiran mu gama jarrabawa.