Daga Basra zuwa Kwantagora: Inda Abubakar Imam Ya Samo Dariya

A shekarar 1933, Dokta Rupert East na hukumar talifi da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Cikin waɗanda suka amsa kiran har da wani matashin malamin Makarantar Midil ta Katsina, haifaffen Kagara, mai shekara 22. Abin da ya rubuta shi ne Ruwan Bagaja.

Littattafan da suka fito daga gasar kowanne da halinsa. Ganɗoki na yayansa Bello Kagara ya ɗauki yaƙi da jarumta, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya ɗauki bauta da tausayi. Imam shi ya zaɓi ban dariya.

To, ina ya samo ta? Shi da kansa bai ɓoye ba. A tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa, ya nuna cewa Muƙamatul Hariri ce ta ba shi tsarin labarin. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, ya bar muƙama hamsin da malaman zaure ke karantawa har yau. A cikinsu, Harisu kan yi kiciɓis da Abu Zaidi, mai zaƙin baki da yawan wayo, a gari bayan gari, kullum cikin sabuwar kama. Imam ya ɗauki wannan ƙashin bayan ya ɗora Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, waɗanda duk inda suka haɗu sai ɗaya ya jefa ɗan'uwansa cikin masifa.

Amma akwai abin da bai aru ba. Daɗin Hariri yana cikin ƙafiya da wasa da kalmomin Larabci, sai wanda ya sha karatu ke dariya. Dariyar Imam kuwa ta kasuwa ce da fada da zaure: malamin ƙarya, mai kwaɗayi, mai cika baki da ake kunyatawa a bainar jama'a. Wanda ko baƙi bai iya ba, in aka karanta masa, sai ya ce ai ya san wannan mutumin a unguwarsu.

Haka ya sake yi a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya sa su a bakin aku.

Masu cewa Imam aro kawai ya yi, sun ga tukunyar, ba su ɗanɗani miyar ba. Tsarin labari kan yi tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, amma dariya sai an dafa ta a gida. Marubucin yau da ke jiran ilhama ta faɗo masa daga sama, ya tuna cewa Imam karatu ya yi, sannan ya saurari mutanensa.